Katafilar da Bai Tayar Ba

Litinin, 5 ga Fabrairu 2018, bayan la'asar

Abban Muhsinat ya kira. Ya ce jirgin da zai ɗauko su jibi ba zai sauka ba. Mutanen garin da ke kusa da mahaƙar sun kafa tantuna a tsakiyar titin jirgin. Mafarauta ne, in ji shi, da matansu da tsofaffinsu. Sun zo a kan baburan nan masu tafiya bisa ƙanƙara, sun jera su, sun kunna risho, sun zauna. Ba shiga ba fita.

Na ce to. Ya ce kada in damu, abinci na nan, ɗakuna da ɗumi. Na ce to.

Tun Oktoba yake can ƙarshen arewacin Kanada. Kamfaninsu na nan unguwar Al Quoz, a ƙasar Larabawan da muke zaune, shi ya samu kwangila a wata mahaƙar ma'adini, aka tura shi ya shugabanci direbobin manyan motoci. Safiyarsa ita ce la'asar ɗina. Na riga na sayo naman da zan yi masa dambu. Na sa a firiza.

Talata, 6 ga Fabrairu, bayan magariba

Muhsinat ta dawo makaranta da labarin a baki. Shekararta sha biyar, jarrabawar fita na gabanta a Mayu, amma yau ba ta buɗe littafi ba, waya ta buɗe.

"Umma, sunansu Inuit. Ƙasar fa tasu ce. Sun yi shekara da shekaru suna zama da gwamnatin Kanada har aka yi yarjejeniya, aka yanka musu yanki, Nunavut. Suna da majalisarsu, suna da shugabansu."

Na ce, "To in ƙasarsu ce, me ya kai su kwana a titi?"

Ta ce ƙungiyar da ke sa hannu a madadinsu a wani gari mai nisa take zaune, can ake yanke magana. Su na kusa ƙurar suke samu da ƙarar motoci. Yanzu kuma kamfanin na so ya faɗaɗa hanya, ta ratsa inda barewarsu ke wucewa duk shekara, kuma ba a tambaye su ba.

Na ce ta ɗauke wayar daga kan tebur ta ci abinci.

Laraba, 7 ga Fabrairu, da hantsi

Yau ce ranar dawowarsa. Na wanke labule.

Alhamis, 8 ga Fabrairu, bayan azahar

Na je sito wurin Hajiya Jummai. Maƙwabciyarmu ce a Abu Hail, tana aika abaya da turare Kano, ina taya ta ɗaurin kaya don kada zaman gida ya cinye ni. Muna cusa abayoyi a leda na ba ta labari.

Ta ce, "Yalla, mu ci gaba, Barira, kwana biyu sanyi zai kore su."

Na ce, "Sanyin ai nasu ne, Hajiya."

Ta yi dariya. Ni ban yi da wasa ba, amma na bar ta.

Juma'a, 9 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ya kira. Muryarsa kamar daga cikin rijiya.

Ya ce sun yi makonni ba su ga rana ba, yanzu ta fara leƙowa kaɗan da tsakar rana, ta koma. A wannan ɗan hasken yana hango su ta tagar ofis. Akwai wani tsoho da ke zama a kan akwati a gaban tantunan, baya miƙe, hannu bisa gwiwa, ba ya motsi.

"Irin zaman Baba," ya ce.

Tun da muka yi aure ban taɓa jin ya kawo mahaifinsa cikin hira haka kawai ba. 

Ya ce manyan kamfanin sun gaji. Suna maganar a fito da katafila gobe a ture baburan gefe, a share titin. Ba za a taɓa kowa ba, in ji su.

Na ce, "Wa zai tuƙa?"

"Yarana."

"Kai za ka ba da umarni?"

Ya ce, "Ina Muhsinat?"

Na miƙa mata wayar na shiga kicin. Na dafa shinkafa duk da akwai ta jiya.

Asabar, 10 ga Fabrairu, bayan magariba

Bai kira ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, bayan magariba

Bai kira ba. Wayarsa a kashe. Na goge kayan makarantar Muhsinat, na sake goge su.

Litinin, 12 ga Fabrairu, da hantsi

An kira daga ofishinsu na Al Quoz. Manajan ma'aikata ne, Balarabe mai taushin murya. Ya tambayi lafiyata, ya tambayi lafiyar yarinya. Sannan ya ce an ɗan samu matsala, mijina ba ya cikin sansanin tun ranar Asabar.

Na ce yana ina. Ya ce suna da labarin yana raye, sauran suna bincike.

Na ce na gode. Da gaske na ce masa na gode.

Dutsen guga na hannuna lokacin. Na gama rigar da nake kai, na rataye ta, na cire filogi. Ban gaya wa Muhsinat ba sai da ta ci abinci.

Talata, 13 ga Fabrairu, bayan azahar

Yaya Idris, wan mijina, ya kira daga Kano. Wani ɗan Zariya da ke aiki tare da mijina ne ya aika masa. Ya ce ranar Asabar an ce wa ƙanensa ya fito da katafila, ya ce ba zai ba da wannan umarni ba. Aka ce za a sa wani ya bayar. Sai ya sa rigar sanyi ya fita da ƙafa, ya nufi tantunan. Iska ta taso bayan fitarsa.

"Halin Baba ne ya taso masa," in ji Yaya. "Shi ma haka ya zauna a bakin gonarmu ranar da aka zo yanka filaye. Me ya hana? An ɗauke shi da kujerar da yake kai aka ajiye gefe. Yau gidajen mutane ne a wurin. Shi Ɗalhatun naki yana tsaye yana kallo, ko makaranta bai shiga ba. Ni da na fi shi wayo na manta, shi ashe yana riƙe da abin."

Na ce haka ne, Yaya.

"Ƙasar wasu fa, Barira. Mutanen da ko sallama ba ta haɗa mu da su ba. Yana da iyali."

Na ce haka ne, Yaya.

Laraba, 14 ga Fabrairu, bayan la'asar

Baƙuwar lamba. Mace ce, tana Turanci a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ta ce sunanta Litiya, malamar makaranta ce a garin. Tsohon da ke zama a kan akwati mahaifinta ne. Ta faɗi sunan mijina a karkace, sai da ta maimaita na gane shi take nufi.

Ta ce ya ɓace hanya tsakanin sansanin da tantunan. Tafiyar ba ta da nisa, amma in iska ta ɗauko ƙanƙara mutum ba ya ganin hannunsa. 'Yan'uwanta maza ne suka tsince shi. Yana ƙaramin asibitin garinsu, gobe jirgin marasa lafiya zai kai shi kudu, babban asibiti.

"Hannunsa na dama ne," ta ce. "Safar hannun ta fita. Sanyi ya shiga yatsun."

Na ce, "Yana cin abinci?"

Ta ce ya sha romon kifi. Da ya farfaɗo ya tambayi inda zai fuskanta ya yi salla, suka duba masa a waya.

Sai ta ce, "Mahaifina ya ce in gaya miki, ba mu kira shi ba. Ba mu kuma san zai zo ba. Da mun sani da mun tare shi a hanya."

Na tambaye ta katafilar. Ta ce ba ta fito ba. Da direbobin suka ji shugabansu ya ɓace, babu wanda ya yarda ya hau.

Na ce ta gaishe da tsohon. Ban san ko suna aika gaisuwa haka ba. Ta ce za ta faɗa.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, da safe

Muhsinat ta ce, "Umma, Abba jarumi ne."

Na ce ta yi sauri kada bas ya wuce ta.

Asabar, 17 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ya kira da kansa, daga babban asibitin. Nas ce ta riƙe masa wayar da farko, ina jin numfashinta.

Ya ce, "Barira."

Na ce, "Na'am."

Ya gaya min abin da likitoci suka yi. Yatsu biyu, na tsakiya da mai bi masa. Sauran suna sa ran za su tsira.

Na tambaye shi ko akwai taga a ɗakin. Ya ce akwai. Na ce me ake gani. Ya ce wurin ajiye motoci.

Ban tambaye shi yadda aka yi safar ta fita ba. Bai faɗa ba.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, bayan azahar

Sito. Abaya, leda, salatif. Abaya, leda, salatif. Hajiya Jummai ta daina min hira, sai dai ta turo min shayi gabana. Wani lebura ɗan Pakistan ya murƙushe yatsa a ƙofar kwantena, ya yi ƙara, kowa ya ruga. Ni na ci gaba da ɗauri. Daga baya na ga na sa abaya ɗaya a leda biyu.

Talata, 20 ga Fabrairu, da yamma

Manajan ya ce in zo ofis. Na je. Sanyin na'ura, gahawa a ƙaramin kofi, dabino a faranti.

Ya ce kowa na son mijina. Ya ce ma'aikaci ne da ba a taɓa kuka da shi ba. Amma ƙin umarni da barin wurin aiki, a ƙa'ida, sallama ce. In an sallame shi biza ta faɗi, tawa da ta yarinya duk a kan tasa suke. Wata guda ake ba mutum ya tattara.

Sai ya ce akwai hanya. Masu mahaƙar za su kai masu tantunan kotu. In mijina ya sa hannu a takardar shaida cewa mutanen ne suka yi ta kiransa suna zuga shi, kuma da ya isa suka riƙe shi suka hana shi komawa, to shi ba mai laifi ba ne, wanda aka cuta ne. Aikinsa na nan, a ofis ma, ba sai ya koma sanyi ba.

"Ki yi masa magana, Madam. Ke zai ji. Shwaiya shwaiya, ba gaggawa."

Na ce zan duba. Na ci dabino ɗaya saboda yana kallona.

A tasi na ga an rushe wani sito da na sani, an kewaye wurin da kwano. Ban san me za a gina ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ya kira. Mun yi maganar abincin asibiti. Ban faɗa ba.

Alhamis, 22 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ya kira. Ban faɗa ba.

Juma'a, 23 ga Fabrairu, bayan magariba

Muhsinat ta fito ɗaki da gudu, ta ce an kwashe tantunan. Shugabannin ƙungiyar tasu da wakilan gwamnatin yankin sun yarda su zo garin da ƙafarsu, a zauna a zauren makaranta. Maganar faɗaɗa hanya ta koma teburin sauraron jama'a. Mutanen garin kuma suna neman a ba su kujera tasu ta kansu, wasu ma na cewa ƙungiya daban za su kafa.

"Sun yi nasara, Umma."

Na ce, "An fasa hanyar?"

"Ba a fasa ba tukuna. Amma za a saurare su."

"To."

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Ke ba ki damu da komai ba ne?"

Na ce, "Jarrabawarki a kan bizarki take. Bizarki a kan aikin Abbanki take. Aikin kuma ya tafi a kan titin jirgin da ko a mafarki ba ki taɓa takawa ba."

Ban ɗaga murya ba. Ta koma ɗaki. Ban bi ta ba. Na wanke kwanonin da ta riga ta wanke.

Asabar, 24 ga Fabrairu, bayan la'asar

Na faɗa masa. Duka, yadda manajan ya jera shi, har da maganar aikin ofis.

 Ina jin ana kiran wani likita a lasifika.

Ya ce, "Ke me kika gani?"

Na ce, "Ban ga komai ba."

"Ba su riƙe ni ba, Barira. Tsohon nan cikin rigarsa ya cusa hannuna, a kan cikinsa, har muka isa gari. Kuma gobe shi za a karanta wa takardata a kotu."

Na ce, "Muhsinat fa?"

Ya ce, "Na sani."

"Ka tuna da ita lokacin da kake sa takalmi?"

Ya ce, "A'a." Sai can ya ce, "Ban tuna da kowa ba. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Da ya ce ya tuna, da na san abin da zan yi da shi. Na ce lokacin salla ya yi, na kashe.

Lahadi, 25 ga Fabrairu, da hantsi

Ban fita ba.

Litinin, 26 ga Fabrairu, bayan azahar

Litiya ta aiko hoto ba tare da magana ba. Zauren makaranta, kujerun roba, mutane cikin manyan riguna, tsohon a tsaye riƙe da makirfo. Gajere ne. Ban zaci gajere ne haka ba. Bayansa a bango akwai zanen yara, barewa mai ƙahoni kamar reshe.

Na daɗe ina kallon cikinsa, inda rigar ta ɗan turo.

Talata, 27 ga Fabrairu, da yamma

Na koma Al Quoz. Ban gaya wa kowa zan je ba, har shi.

Na ce wa manajan ba zai sa hannu ba. Ya ce ya fahimci halin da hannun yake ciki, dangwalen babban yatsa ma ya isa. Na ce babban yatsan na nan lafiya lau, amma ba zai dangwala ba.

Ya ce, "Shi ya ce, ko ke kika ce?"

Na ce, "Mu."

Ya rufe fayil ɗin. Ya ce khalas, shi ke nan, Allah ya taimaka. Ya raka ni har lif.

A hanya na jira in ji wani abu, sauƙi ko nadama. Ƙishirwa kawai na ji. Na sayi ruwa.

Alhamis, 1 ga Maris, bayan magariba

Yaya Idris ya ce na goya wa mahaukaci baya. Daga baya ya ce ɗakunan bayan gidansa babu kowa, za a share.

Asabar, 3 ga Maris, da hantsi

Hajiya Jummai ta ce akwai wuri a kwantenarta mai tashi ƙarshen wata. Ta zo da kwalaye da leburori. Ta ce in bar kujerun, ba su kai wahalar ɗauka ba. Na bar su.

Muhsinat ta samu makarantar da za ta zauna jarrabawar a Abuja, malaminta ya rubuta musu. Ta daina karanta min labarin Nunavut. Jiya ƙawayenta sun zo, suka rufe ƙofa, ina jin kuka da dariya a haɗe. Da suka tafi ta fito ta ce, "Umma, da kin ce ya sa hannun, zai sa?"

Na ce ban sani ba.

Ta ce, "Ni ma ban san wanne nake so ba."

Na ba ta salatif ta riƙe min bakin kwali.

Laraba, 7 ga Maris, bayan la'asar

An sallame shi daga asibiti. Jirginsa jibi.

Juma'a, 9 ga Maris, da yamma

Ya rame. Fatar kumatunsa ta yi baƙi wuri-wuri kamar ƙuna. Hannun na rataye a ƙirji cikin farin bandeji. Muhsinat ta tsaya nesa kaɗan, sannan ta tafi da gudu ta faɗa masa ta ɓangaren hagu. Ni na karɓi jakar.

A mota yana ta kallon gine-gine kamar baƙo. Ya ce zafi. Direban ya ce ai yanzu ne ma ake sanyi.

A gida na ba shi cokali, ya riƙe da hagu, ya ajiye, ya ce a gafarce shi. Na ce ba komai. Bai ci da yawa ba.

Ya kalli kwalayen da aka jera har rufi. Ya ce, "Kin yi fushi."

Na ce, "Ban sani ba tukuna. In na sani zan gaya maka."

Ya ce to.

Litinin, 12 ga Maris, bayan magariba

An cire babban bandejin yau a wani asibiti a Deira. Na gani. Ban kawar da kai ba, ban kuma ji komai ba. Na tambayi nas sau nawa za a riƙa wankewa.

Da magariba na taya shi alwala. Ya ja mu salla a falo tsakanin kwalaye, ni da Muhsinat a baya. Da ya sallame ya zauna, ya ɗora hannun dama a cinya, ya fara tasbihi da babban yatsa a kan gaɓoɓi, kamar yadda ya saba. Ya gama ƙaramin yatsa. Babban yatsan ya matsa gaba, ya taɓa iska. Ya tsaya. Ya sake komawa farko, ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Bakinsa ya daina motsi.

Muhsinat ta sunkuyar da kai.

Na matsa gaba a kan dardumar, na ɗora hannuna a buɗe cikin nasa. Bai dube ni ba. Ya kama yatsana na tsakiya, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Fatar yatsansa ta yi kaushi, tana karce ni.

Wajen Allahu akbar na ga ruwa na ɗiga a bayan hannunsa. Na ɗauka nasa ne. Sai da Muhsinat ta miƙo min gefen hijabinta na gane nawa ne.